Lakar da Baba Ya Kwaso daga Gungu

A damanar 1968, ranar da aka ce mu tashi daga gungunmu, wato tsibirinmu, domin ruwan dam ɗin Kainji ya fara hawowa, maƙwabta suna loda ƙofofi da azara a jirgi, Baba kuwa laka yake lodawa. Ina da shekara tara, ni da Inna muna jido ta a ƙwarya daga gonarsa ta albasa, ƙafafunmu suna nutsewa har ƙwauri. Mutane suka yi ta dariya, ni ma kunya ta ishe ni.

Baba bai kula su ba. Kowace shekara kogin Kwara yakan cika ya rufe gonar, in ya janye sai ya bar baƙar laka mai santsi, wadda muke dirzawa a jiki muna wasan dodo har Inna ta biyo mu da tsumagiya. A cikin wannan lakar Baba yake dasa irin albasar da ya gada daga kakansa. Ya taɓa sara gefen gonar da fartanya ya nuna mini yadda ta kwanta hawa-hawa. "Wagga ƙasa ba tamu ba ta," in ji shi, "gulbi ka kawo muna ita, sannu-sannu."

Sawu bakwai ya yi zuwa sabon garinmu kusa da Wara, ya shimfiɗa lakar a kan tsakuwa. Shekarar farko albasa ta yi kyau, masu dariya suka yi shiru. Ta biyu ta ƙanƙance. A ta uku ruwan sama ya wanke sauran lakar, irin ya mutu a gonar. Ranar da Baba ya sayo albasa a kasuwar Yelwa, bai ci tuwo ba, kuma ban taɓa jin tausayin mutum kamar ranar ba.

Daga baya a makaranta malaminmu ya ce masana ƙasa suna kiran wannan kwanciyar laka sedimentation, daga wata kalmar Latin mai nufin zama: ruwa ya lafa, abin da ya ɗauko ya zauna. Ya ce aiki ne da ba ya tsayawa.

Yanzu jikokina tafki kawai suka sani, da jiragen inji. Kogi bai fasa alkawarinsa ba. Kowace shekara yana sauke lakarsa a kan gonar Baba, can ƙarƙashin ruwa, inda babu mai dasa komai.