Kiran Oga Ne a Gaba

A wani ofis a Haɗeja, wani siririn mutum yana tsugune gaban na'urar raba intanet, kwamfuta a cinya. Ƙafar wandonsa duk busasshen taɓo ne. Da alama shi ma ruwa ya cinye masa gonar shinkafa. Aikinsa tsara saƙon da zai fara wucewa. An ce ya sa kiran bidiyon oga a gaba, kwamfutar rajistar waɗanda ambaliya ta shafa kuma ta jira. Yana sawa yana cizon leɓe.

Wata tsohuwa daga Kirikasamma ta leƙo. "Ɗan nan, har yanzu?"

"Netwok ne babu, Iya," in ji shi, bai ɗago ba.

Ta bango ana jiyo hirar oga raɗau, ko yankewa ba ta yi.