Yadda Malam Uwaisu Ya Ɓoye Gidansa

Kakana Malam Uwaisu mai buga bulo ne. Yana saurayi ya yi leburanci a hannun wani injiniya lokacin da ake aikin madatsar ruwa wajen Bagwai. Da aka tashi aiki, injiniyan ya bar masa akwatin ƙarfe na buga bulo mai ado. Da shi ya gina gidanmu, a ƙauyenmu kusa da Tofa. Rufin kankare ne a shimfiɗe, kowane bulo kuma da zanen tauraro da huda a tsakiya. Hudar a karkace take, ta kalli sama, don iska ta shiga, idon mai wucewa kuwa ya tsaya a waje.

Abu ɗaya ne ba ya yarda da shi: mutum mai igiyar awo. Tun da aka auna gonar yayansa aka ce hanya za ta bi, gonar ba ta dawo ba.

Bara, bayan an yanke gero, wani ya zo a mota, ya ce sunansa Abdulkabir, yana koyar da zanen gini a jami'a. Ya ɗauki hotuna, sannan ya zaro igiyar awo.

"Baba, irin wannan ginin ya yi ƙaranci. Ya kamata hukuma ta san da shi, a adana shi."

"Shekara arba'in da wani abu wa ya adana shi?" in ji Kaka.

Mutumin ya yi dariya, ya tambayi wanda ke riƙe da takardar filin, ya ce ranar Alhamis zai dawo da ɗalibai da wani jami'i.

Na duba sunansa a waya, na ce wa Kaka da gaske malami ne.

"Ke Fadima, amaryata sarkin yarda! Mai koyar da zane me ya haɗa shi da takardar fili?"

Gaskiya ni ma tambayar ta tsaya mini a rai.

Washegari Kaka ya sa aka kwaɓa jar ƙasa da ciyawa. Kwana uku yana yaɓe bangon da hannunsa, yana toshe hudojin ɗaya bayan ɗaya. Ni na riƙa ɗebo ruwa.

Ranar Alhamis bas ta tsaya a ƙofar gida. Malam Abdulkabir ya sauko, ya yi turus.

"Baba, ina ginin?"

"Wane gini, ɗana? Gidan ƙasa ne irin na kowa."

Jami'in ya kalli bangon, ya kalli agogonsa. Ko ruwan da na kawo ba su sha ba.

Har yau ban sani ba ko mutumin kirki muka kora. Gidan dai yana hannunmu. Amma da bazara ta zo ɗakin ya ƙi zaunuwa, sai Kaka ya mayar da tabarmarsa gindin darbejiya, yana fuskantar hanya. Na ce mu kankare yaɓen hakanan.

"A bari tukuna," in ji shi. "Sun san hanya."