Makankarin Mutum Biyu

Duk layin kafintoci na garin Ciniyot babu wanda bai sha wa'azin Karamat a kan makankarin katako ba. Guda biyu gare shi. Na Jamus mai jikin icce, yakan ce ba shi da nauyi a hannu, amma katakon ƙasar sanyi kawai ya sani. Na Ingila mai jikin ƙarfe da kusar tagulla ta saita baki kuwa, ko matarsa Shamshad ba ta isa ta ɗaga shi ta share wurin ba. In aka ambaci ƙirar gida sai ya taɓe baki, ya ce wannan ai feraye rake ya kamace shi.

Wannan taɓe bakin yana da tarihi. Ranar da aka raba kayan aikin mahaifinsu, shekara goma sha shida baya, Karamat ya kwashe biyun nan da sunan shi ne babba. Ya bar wa ƙanensa Niyamat na ukun, wani dogon makankari da maƙerin ƙauyensu ya ƙera wa baki. Shi wannan ba ya aiki sai da mutum biyu: a zauna ƙasa a dafe katako da ƙafa, ɗaya ya tura, ɗaya ya ja da igiya. A kansa su biyun suka koyi sana'a. Niyamat ya gane cin fuskar, ya saɓa abinsa ya koma ƙarshen layi. Tun ranar ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Yanzu saura kwana uku a kai Ruksana, 'yar Karamat, gidan miji, marfin akwatin aurenta bai tashi ba. Falle ɗaya ne na iccen shisham, daga bishiyar tsakar gidansu, wanda tsohon ya ajiye ya ce na jikarsa ta fari ne. Babu na biyu. Ga jijiyar katakon a murɗe take.

Karamat ya fara da na Jamus. Makankarin ya toshe, ya yi tsalle, ya bar zane. Ya ɗauko na Ingila yana bismilla, ya wasa, ya saita, ya tura a hankali. Sai ya ji ƙarar nan da kowane kafinta ke tsoro: bakin ya fizgi tsoka, ya bar rami. Ya juya katakon ya biyo ta ɗaya gefen, ya sake fizga. Kowane gyara kauri yake ci. Ya auna da yatsa. In aka ƙara kuskure ɗaya, marfin ba zai ɗauki sassaƙar furanni ba.

Shamshad ta kawo shayi, ta dubi ramukan, ta ce ita dai ta san makankarin da tsoho ke fitarwa in icce ya yi gardama. Ya daka mata tsawa. Shayin ya huce a wurin.

Bayan la'asar ya naɗe katakon a mayafi ya bi layin zuwa wurin ƙanensa, kafintoci suna leƙe. Kunya kamar ta kashe shi.

Niyamat bai tashi ba. Ya shafa ramukan da tafin hannu.

"Aikin Baturen naka ke nan, Yaya?"

"Na Ruksana ne," in ji Karamat. "Katakon Baba."

Niyamat ya sake duban katakon. Sannan ya miƙe ya sauko da dogon makankarin daga bango, ya cilla wa yayansa igiyar. Da can babba ke turawa. Karamat ya zauna a wurin ƙarami.

Jan farko ya yi gaggawa, makankarin ya karkace, suka tsaya cak. Bai ci katakon ba. A na biyu numfashinsu ya haɗu. Ɓawon katako ya fito siriri, dogo, yana naɗewa a ƙafar Karamat, bai tsinke ba har ƙarshe. Suka yi ta yi har ramukan suka ɓace, fuskar katakon ta ɗauki sheƙi.

Karamat ya kifa makankarin ya gwada bakin a gashin hannunsa. Ya aske tas, babu ɗigon tsatsa.

"Da wa kake aiki da shi?"

"Da wa kuwa?" Niyamat yana naɗe igiya, bai ɗago ba. "Duk Juma'a dai nake wasa shi in mayar."