Ranar da Aka Goge Tsagar Mahaifina

Hoton mahaifina guda ɗaya ne a duniya. An ɗauke shi a Kazaure lokacin yana fataucin gero, yana zaune a kujera, hannuwansa a kan gwiwoyinsa. Mu Barebari ne, kakanmu daga gabas ya taso, kuma mahaifina yana da tsaga irin ta gidanmu: dogayen layuka a kumatu, da ɗaya daga goshi zuwa karan hanci. Ni ba a yi mini ba, 'ya'yana ma haka.

Wata damina rufin ɗakina ya yi yoyo, ruwa ya shiga firam ɗin, hoton ya manne da gilashi, gefensa ya yi dabbare-dabbare. Aka ce mini akwai mai shagon hoto a Kazaure da ke gyara irin wannan a kwamfuta. Na naɗe firam ɗin a rawani, na hau acaɓa daga 'Yankwashi.

Mai shagon Bafulatani ne, mai fara'a, bai kai ni shekaru ba. Kafin ma ya dubi abin da na kawo, sai da ya nuna mini wani baƙin allo da ya sayo a Kano, da alƙalaminsa marar tawada. In ya ja alƙalamin a kan allon, sai layin ya fito a fuskar kwamfuta.

"Da can da mawus nake yi," in ji shi, yana nuna ɗan abin nan da ake turawa a kan tebur. "Kamar mutum ya yi ɗinki da taɓarya. Amma da wannan, Malam, ko gashin ido ne sai in bi shi in cire."

Na ce masa tabon ruwan kawai nake so a cire. Ya ce in kwantar da hankalina, in dawo wani sati.

Da na dawo ya miƙo mini babban hoto yana ƙyalli. Riga ta mahaifina ce, hula tasa ce. Amma fuskar sumul, ta yi haske, kamar ta wani ma'aikacin gwamnati da bai taɓa shiga rana ba.

Na ce, "Wane ne wannan?"

"Baba mana! Ka ga duk karcen nan na fuskarsa? Ɗaya bayan ɗaya na bi su. Da mawus ne, wallahi da ba su fita haka ba."

"Wane karce? Tsagarsa ce!"

Na ce ya ba ni na ainihin. Ya jawo wata ambulan, yana kauce wa idona. Ashe bayan ya ɗauki hoton ta cikin gilashi, ya yi ƙoƙarin ɓamɓare takardar, fuskar ta yage gaba ɗaya. Wanda ya shigar a kwamfuta kuwa a kansa ya yi gyaran, na farkon ya tafi.

Ni mutum ne da ake cewa yana da haƙuri. Shanu sun taɓa cinye mini gonar wake a dare ɗaya, ban ɗaga murya ba. Amma ranar nan haƙurina ya ƙare.

Sai ya nemi ya sha da wasa. "Ashe Babarbare ne! To ai gata na yi maka, bawana. Na mayar da tsohon kyakkyawan Bafulatani, kuma ba zan ƙara maka ko sisi ba."

Mutanen da ke jiran hoton fasfo suka kwashe da dariya. Wasa ne da ke tsakaninmu da Fulani tun kakanni, kuma wanda ya yi fushi da abokin wasa shi ake gani da laifi. Ya san da haka, shi ya sa ya fake a can. Wannan ya fi gogewar ƙona mini rai.

Na ce, "Yau ba ranar wasa ba ce. Mahaifina ka yaga."

Dariyar ta tsaya. Ya jawo mini kujera, ya sa alƙalamin a hannuna, ya ce tunda ni na san inda layukan suke, in zana, shi zai daidaita. Ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, riƙon alƙalami ba baƙo ba ne a wurina. Amma wannan hannunka yana ƙasa, idonka yana sama. Layin farko ya taso daga kunne ya faɗa cikin gemu. Ya danna wani abu, layin ya ɓace kamar ba a yi ba. Na dubi yadda ya ɓace, na tuna askar wanzami ce ta yi wa mahaifina nasa yana jinjiri, da su ya rayu, da su muka binne shi.

Na sake ɗora alƙalamin, sai hannuna ya tsaya. Layuka nawa ne a kowane kunci? A ina suke ƙarewa? Fuskar da na yi shekara da shekaru ina kallo, ga shi na kasa. Na kira yayata a waya. Ta faɗi nata, na ce ba haka ba ne, ta ce ni ne ban taɓa kallon Baba da kyau ba. Muka rabu rai a ɓace.

Saura mutum ɗaya: gwaggonmu da ke Babura, ƙanwar mahaifina, wadda wanzami ɗaya ne ya yi musu tsaga ita da shi. Mai shagon da kansa ya ɗauke ni a babur ɗinsa, wannan kam ya kyauta, ba zan ɓoye ba.

Gwaggo ta ji bayani, ta dube shi sama da ƙasa. "Kai ne mai aikin? Da can shanunku ke ɓarna, yanzu ku da kanku." Ta juya masa kunci ya ɗauki hoto, dama da hagu. Sannan ta ce mini, "Ɗan nan, wannan fa tawa ce, ba tasa ba. Tasa ta fi faɗi. Kuma an ce ya yi motsi ana cikin yi, ɗaya ta karkace."

Na ce, "Ta wane gefe, Gwaggo?"

Ta daɗe tana shafa fuskarta. Ta ce ta manta.

Da muka koma Kazaure, mai shagon ya zauna ya zana layukan Gwaggo a fuskar mahaifina. Ya yi aiki mai kyau, har da inuwar kowane layi, ya rage hasken da ya ƙara. Na kawo gida na rataye. Maƙwabta suka ce kamar ya yi magana.

Da salla yayata ta zo. Ta tsaya a gaban hoton, ta daɗe, sannan ta ce, "Wannan ai Gwaggo ce da gemu."

Ban yi mata musu ba, domin gaskiya ta faɗa. Na sauke shi na sa a ƙasan akwati. Har yau in na shiga Kazaure ta bayan layin nake bi, don kada mai shagon ya hango ni ya ɗaga mini hannu.