Sadisu Magini da Laifin Salga

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta labarin Sadisu magini, don abin da ke tsakiyarsa ba a cika faɗarsa da Hausa ba sai a babin tsarki. Can inda na yi karatu an koya mana cewa ruwan nan mai yauƙi da ke fito wa namiji in sha'awa ta motsa, aikinsa share hanya ne: ya kashe ragowar kaifin fitsari, ya sa santsi, kafin maniyyi ya biyo baya. A Matameye kuwa sunansa maziyyi, kuma iyakar abin da aka sani a kansa shi ne yana karya alwala. Ban zaci ilmin nan biyu za su taɓa haɗuwa a tsakar gida ɗaya ba, sai da na ji abin da ya faru a gidan Sadisu.

Sadisu gwani ne. In ya zuba murfin siminti a kan salga, har jikoki za su tsuguna ba fargaba. Daga Tsauni zuwa Ɗan Barto ana nemansa. Da rani kuwa sai ya tafi aikin gini Damagaram ko Agadas, ya yi watanni, ya dawo da atamfa da dabino. Yana yaro ya fara karatun fiƙihu, yana tsakiyar babin tsarki ubansa ya janye shi zuwa kwaɓa ƙasa. Ɗan abin da ya samu ya riƙe shi gam. A fada, wurin shayin la'asar, in aka ɗauko zancen maza shi ne mai fatawa. Ruwa uku ne, in ji shi: maniyyi mai wajabta wanka, sai maziyyi da wadiyyi, su tsarki da alwala sun ishe su.

Har nan ba malamin da zai ja da shi. Amma Sadisu ya ɗora nasa bene a kan wannan harsashi. A ganinsa, ruwan da bai kai a yi masa wanka ba bai kai ya yi komai ba: ba ya sa ciki, ba ya ɗaukar cuta, zunubinsa ma ɗan ƙarami ne. Saboda haka in yana Agadas ya ziyarci wata a bayan tasha, dabararsa ita ce ya janye kafin ƙarshe. Yakan fito yana jin kansa kusan mai tsoron Allah. Abokinsa Lawwali mai gyaran babur ya taɓa ba shi shawarar kwaroron roba, ya ce wannan na waɗanda ba su iya kame kansu ba ne.

Matarsa Najaha, ƴar garin Dawce, ta haifi Anisa a farkon aure, daga nan shiru. Abin da ya zo maimakon ciki shi ne ciwon mara da ƙaiƙayi da farin ruwa mai wari. Matan unguwa suka ce sanyi ne, kuma kowa ya san inda mace ke ɗaukar sanyi: tururin salga. Nan kunyar sana'a ta kama Sadisu. A ce matar magini ta ɗauki sanyi a salgar gidansu? Ya cike ramin, ya haƙa sabo mai zurfi, ya kafa masa bututun iska. Najaha ta je asibiti aka ba ta ƙwayoyi, ta warke, ba da jimawa ba ciwo ya dawo. Sadisu ya zagaya aikinsa yana kaɗa kai, ya gano bututun ne ya yi gajere. Ya sake haƙa. Bayan gidan ya koma kamar gonar da aka tone rogo, har akuyar maƙwabta ta taɓa nutsewa zuwa ƙirji.

Iya, mahaifiyarsa, wadda ke zaune tare da su, ta yanke nata hukunci. Salgar ɗanta ba ta da laifi, ƙazantar ƴar Dawce ce, kuma mace mai sanyi ba ta riƙe ciki. Ta faɗa a gidan suna, ta faɗa a gidan biki. Najaha tana ji, tana ta wanke buta da toka da ruwan zafi har hannunta ya tsage.

Shi ma Sadisu yakan ji zafi-zafi wurin fitsari, wani lokaci ya ga ɗigo a wando da safe, ba sha'awa ba komai. Ya duba ruwayensa uku bai ga na huɗu ba, sai ya jefa shi a sahun maziyyi, ya wanke, ya ɗaura alwala.

Da aka kawo sabuwar ungozoma asibiti, Malama Zakiyya, ta ga fuskar Najaha ta yi yawa a layi. Ba ta tambaye ta zurfin salga ba, ta tambaye ta inda mijinta ke cin rani. Ta gaya mata irin wannan ciwon in ya yi ta komowa yana toshe hanyar ƙwai, wataƙila ma ya fara, kuma ba za ta ƙara ba ta magani ita kaɗai ba.

A gida, Najaha ta bari Sadisu ya gama cin tuwo.

"Baban Anisa, sun ce ka zo."

"Ni? Ni na ce musu ba ni da lafiya?"

"Sun ce ciwon ba daga rami yake tasowa ba. A mota yake zuwa daga Agadas."

"Ƙarya suke yi. Ai ni ban taɓa bari ya kai ga wanka ba."

Sai da maganar ta fita ya ji abin da ya faɗa. Iya da ke taunar goro a bakin ƙofa ta tattara tabarmarta ta shige ɗaki. Da safe Najaha ta ja hannun Anisa suka tafi Dawce. Ta ce ba yaji ba ne, jinya ce, za ta dawo ranar da ta ga wurin allura a jikinsa.

Sadisu bai nufi asibiti ba, ya nufi limamin unguwa, yana neman mai mara masa baya. Ya kawo tambayar da sunan wani abokinsa. Liman ya saurara, ya ce a gaya wa abokin nan cewa shiga kaɗai tana wajabta wanka, ko an fitar da wani abu ko ba a fitar ba, kuma sunan abin zina. Ya ce maganar tana nan cikin babin, gaba kaɗan da inda abokin ya tsaya. Sai ya ƙara da tambayar ko abokin nan ba magini ba ne.

Da fiƙihu ya juya masa baya, sai ya lallaɓa Dawce ya ɗauko matarsa, suka je asibiti yana rufe fuska da rawani a tsakiyar zafi. Malama Zakiyya ta gaya masa ruwan da ya raina yana ɗaukar ƙwayar sanyi, yana iya ɗaukar ƙanjamau, wani lokaci har ciki yake sawa. Aka gwada jininsu, Allah ya tsare su daga babbar. Aka yi musu allura su biyu. Najaha ta tsaya ta ga an yi tasa kafin ta juya a yi tata. Game da haihuwa, ungozomar ta ce ba ta yi alkawari ba, a jira a gani. Har yau suna jira. Iya ta daina ambaton ƙazanta, amma ba ta koma gidajen sunan ta gyara abin da ta faɗa ba.

Na sami Sadisu kwanan baya yana auna rami a gidan wani Alhaji da amaryarsa ta fara kukan mara. Na tambaye shi, tunda yanzu ya san inda ciwon ke fitowa, ko zai gaya wa Alhajin gaskiya.

Ya goge gumi, ya dubi igiyar awonsa.

"Zan gaya masa mana. Bari dai in gama zuba murfin."