Ƙauyen Dragan da Namu

Lokacin sanyi, da an idar da magariba, kakata Iya takan hura wuta a tsakar gida, mu zagaye ta muna gasa gyaɗa. Ni take fara tsokana. "Kai maigidan banza, matsa mini, ko cefane ba ka yi ba ka zo ka tare wuta." Sai ta gyara zama ta ce, "To, a buɗe kunne, ga ta ta iso."

Akwai tatsuniya guda da ba na so, don ba Gizo a ciki, ba abin dariya. Wani gari ne a gindin dutse, samarinsa suka tafi fatauci ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya dawo. Sai wata tsohuwa ta riƙa bin gidajen da aka bari tana hura wuta a kowane murhu, don matafiya su hango hayaƙi su ce garin da ransa. Ran da ta rasu, hayaƙi ya ɗauke gaba ɗaya.

"Sai kuma me, Iya?"

"Sai me kuwa? Ta ƙare."

Wallahi haushi nake ji.

Yanzu ina aiki a wani sito a Jebel Ali, can ƙasar Larabawa. Makanikenmu, Dragan, mutumin Sabiya ne, can Turai, ƙato mai yawan shiru. Yakan nuna mini ƙauyensu a waya: gidaje masu jan rufi a kan tudu, rafi daga ƙasa, tsohuwar cocin dutse da kakanninsa suka gina, itatuwan marmari suna zubar da 'ya'ya ba mai tsinta. Makarantar garin ma an kulle ta, ba yara. Bara mahaifinsa ya mutu. Da ya dawo daga jana'iza, ya zauna kusa da ni lokacin abincin rana, bai ko buɗe kwanonsa ba.

"Ba a samu maza huɗu masu ƙarfin ɗaukar akwatin gawar ba," in ji shi. "A tarakta muka kai shi. Khalas, shi ke nan."

Sai a ranar na gane dalilin da ya sa Iya ba ta ƙarasa tatsuniyar: sauran labarin yana hannun waɗanda suka tafi, mu ke nan. Namu ƙauyen ma haka yake komawa. Ni da ƙannena duk mun watse, Baba kaɗai ne a gidan, kowace shekara kuma sai in sabunta kwantiragi in ce masa baɗi zan dawo. Ko jana'izar Iya ban je ba, kuma har yau kunyar abin nake ji.

Da aka tashi aiki na kira Baba a waya. Bayan gaisuwa na yi tambayar da ban taɓa yi ba.

"Baba, su wa suka ɗauki makarar Iya?"

Ina jin kukan akuya a bayansa.

"Ni da liman da baffanka. Na huɗun wani mai tallan kananzir ne da ya ratso garin, Allah ya saka masa da alheri." Ya yi tari. "Ni dai ban san wa zai ratso ranar tawa ba."