Ciwon Da Ya Sa Na Riƙa Wuce Goggona Ba Gaisuwa

A lokacin da abin nan ya faro ni matar aure ce mai 'ya'ya biyu, siririya, ina tallar nono daga rugarmu ta kusa da Geza zuwa kasuwar Bagudo. Duk wadda ta taɓa ɗaukar ƙwarya a ka ta san ba a waige-waige da ita. Da wutsiyar ido muke ganin mutane, mu gaishe su ba tare da mun juya wuya ba. Ni kuwa wajen gaisuwa ba a bar ni a baya ba, har tsokanata ake yi wai ko kututture na gani sai na tambaye shi gajiya. A bakin hanyar nan goggona, ƙanwar babana wadda ta raine ni bayan rasuwar innata, take shimfiɗa tabarma a gindin tsamiya. Kullum sai na rusuna mata kafin in wuce.

Sannu a hankali jikina ya fara sauyawa. Takalmi ya matse ni, na sayi babba, shi ma ya matse. Warwaron hannuna ya ƙi fita, sai maƙeri ne ya yanke shi. Haɓata ta fito, haƙorana suka yi wushiryar da ba a haife ni da ita ba, muryata ta yi kauri, ga ciwon kai kamar ana daka a ciki. Abokan tallata suka ce ai jin daɗi ne, wai man shanun da zan sayar nake shanyewa. Ni ma dariya nake yi, wallahi. Wa zai je asibiti don ƙafarsa ta ƙara girma?

Abin da ban lura da shi ba shi ne gefen ganina yana rufewa. Gabana tas nake gani, amma dama da hagu sun tafi ba sallama. Na fara wuce mutane ban gan su ba. Magana ta zaga cewa tun da na yi jiki na ɗauki girman kai. Ranar da labari ya iso mini cewa goggo ta ce ta raini wadda yanzu take wuce ta kamar tururuwa, na ajiye ƙwarya na tafi wurinta ina kuka. Na rantse mata ban gan ta ba. Ta dube ni ta tambaya ko waɗannan manyan idanun na ado ne, ta juya mini baya. Ban taɓa jin zafin magana irin na ranar ba, don duk duniya ba ni da uwa sai ita.

Maimakon asibiti, sai na tsallaka iyaka zuwa wani ƙauye a ɓangaren Benin wurin mai magani. Ya ba ni kwalli da ruwan wanke ido, ya ce sammu ne. Na daɗe ina rambaɗa kwallin nan, ba abin da ya sauya. Sai da ɗan kabu-kabu ya fito mini ta hagu ya watsar da ni da nonon a tsakiyar hanya, ban ko ga tahowarsa ba, sannan maigidana ya ce a tafi babban asibiti a birni. Goggo ta biyo mu duk da fushinta, ko kallona ba ta yi a mota.

A gabanta likita ya sa na kalli hancinsa, ya riƙa kawo yatsansa daga gefe. Ban ga yatsan ba sai da ya zo dab da gabana. Bayan an ɗauki hoton kaina ya yi mana bayani cewa wani ƙari ne ya tsiro a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, a wurin da ake sarrafa sinadarin girman jiki. Shi ya ƙara mini hannu da ƙafa, shi kuma ya danne jijiyoyin ido. Ya ce da na zo tun lokacin takalmi, da wataƙila an ceci ganin duka. Goggo ta rufe fuska da mayafi, na ji tana salati tana kuka. An yi mini aiki ta hanci, gefen dama ya ɗan dawo, na hagu kuwa ya tafi ke nan.

Abin da na koya shi ne ciwon ido ba lallai a ido yake farawa ba. Don Allah, in babban mutum ya ga zobensa ko hularsa ko takalminsa sun daina shigarsa, ga ciwon kai, ya je a duba shi tun idonsa na gani. In kuma wani naku ya fara wuce ku ba gaisuwa, ku tambayi lafiyarsa kafin ku yanke masa hukunci. Na koma tallata, kuma tsamiyar goggo a hagu take in za ni kasuwa. Yanzu da ta hango ƙwaryata sai ta ɗaga murya ta fara gaishe ni, ita da ta goya ni, don in san inda zan rusuna.